Kirarin da ke Jikin Kwabo

Da muka ɗaga gadon Kaka Barmo bayan sadakar bakwai,
sai ga gwangwanin taba, tsatsa ta liƙe bakinsa.
Na sa wuƙa.
Anini tara da kwabo huɗu a zarge da igiyar rama,
sule ɗaya mai bishiyar kwakwa a ƙulle cikin tsumma.

Larabcin jikin kwabon bai ba ni wuya ba,
wahid, ɗaya ke nan.
Bokon ne ya ƙi ni:
baƙaƙen na sani, zancen ban sani ba,
kamar ɗan ɗakinku ya dube ka ya yi maka yare.

Aka ce in sauka Taminus, in nemi Baba Chollom mai gyaran agogo,
wanda ya yi shekara shida yana karatun zama fada
ya fito bai sa farar riga ba.
Ya maƙala gilashi a ido ɗaya,
ya hura wa sulen iska, ya goge da haɓar riga.
"Latin ne, 'yata.
Harshen ya mutu, ya bar wasiyya a jikin ƙarfe."

Ya bi su da tsinken agogo.
"REX, sarki.
D.G., Dei gratia, da yardar Allah."
Na ce ashe su ma sun san da ita.
"F.D., mai kare addini."
Na ce wanne? Ya ce, "Nasa mana."
"IND. IMP., sarkin sarakunan Indiya."

To, kirari ne ashe!
Kirarin da ba maroƙi, ba kalangu,
an daddatse shi gaɓa-gaɓa kamar rake
don ya zagaye bakin sule.
Mai shi bai taɓa taka Dilimi ba,
ga shi har cikin lalitar mai ƙosai ana koɗa shi.

Ya ɗauko wani kwabon, ja, na hamsin da biyu.
"Duba nan. Ina Indiya?"
Na juya gaba, na juya baya, babu.
"Ta karɓi kayanta," in ji shi.
An yanke wa kirari baiti guda,
kwabo bai san an yi ba,
bai ƙara sayen ƙwayar acca ɗaya ba.

Shekara ashirin da uku Kaka na hawowa daga ramin kuza a Bukuru
da kwanon sarki a ka.
Haka ake kiran kwanon. Sarkin dai bai taɓa ɗaukarsa ba.
Tsakiyar kansa ba gashi har ya koma ga Allah.
Bai san rex ba, bai san gratia ba,
ya san sule nawa ne haraji,
kwabo nawa ke kai mutum Juma'a.

Na ɗaga kwabon na saita da rana.
Kambi a sama, ƙarƙashinsa ba kai,
sai rami,
irin waɗanda suka bar mana a bayan gari,
ruwansu kore, ba a sanin zurfinsa sai an rasa yaro.

Na ce nawa ne ladan karatu?
Ya daɗe yana ɗaura wa wani agogo wuya.
"Ubana ma a Bukuru ya bar ƙugunsa.
Ba ni anini ɗaya."
Na kwance igiyar na ba shi biyu.

A keke, hanyar Gangare, ina ta gwada nawa a zuci,
ko zai zagaye bakin kwabo:
Barmo, da yardar Allah lebura,
mai kare bakin mutum tara,
sarkin ɗaki biyu da rumfar langa-langa.
Ya yi tsawo.
Ban ga abin da zan datse ba.